Magarya da Dungas: wa ya horar da mataimakan likita, wa ke auna aikinsu?

Kowace shekara idan damina ta yi nisa, rumbuna suka yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa, ɗakunan jinyar yara na kudancin Damagaram kan cika har su tumbatsa. A irin wannan lokaci mafi yawan aikin da ke tsare ran yaro yana hannun ƙananan ma'aikata ne: mataimakan likita, masu ba da madara, ungozomomi, leburori da ƴan sa-kai. Lokaci ya yi da hukuma za ta yanke mafi ƙarancin horon da ba wanda zai taɓa majinyaci sai da shi, ta kuma wajabta a auna aikin kowannensu sau ɗaya a shekara.

A watan Satumba na 2018 ƙungiyar likitoci ta MSF, wadda ta fara aiki a Magarya tun 2005, ta fitar da wata sanarwa da ta sa jikin duk mai tausayi ya yi sanyi. Ta ce a sashen yara na asibitin gundumar, cikin wata guda, yara 10 ne ke rasuwa kowace rana idan aka daidaita lissafi, yawancinsu saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. A lokacin yara 730 ke kwance, 208 daga cikinsu rai a hannun Allah. Sai da ƙungiyar ta tattaro ƙwararrun ma'aikata 243 daga sassan Nijar da ƙasashen waje domin su kama aiki.

Jaridu sun buga, gidajen rediyo sun karanta, aka yi jimami aka watse. Amma akwai tambayar da ta kamata a yi tun ran nan: a ɗakin da aka kwantar da yara 730, hannun wane ne ke kai wa ga kowane yaro cikin dare? Yaron da tamowa ta yi wa mugun kamu ana ba shi madara ta musamman kowane awa uku, wani ma kowane awa biyu. Ko da rabin waɗancan yaran kawai ke kan wannan madara, to sai an auna an kuma shayar kusan sau 3,000 tsakanin safiya da wata safiya. Ban da awon zafin jiki, da wanke yaro, da duba robar ƙarin ruwa, da tada uwar da gajiya ta sa barci ya kwashe ta. Babu adadin daktocin da zai iya wannan aiki, a Magarya ko a wani wuri.

Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutane fiye da dubu 570 a gundumar Magarya, da fiye da dubu 350 a Dungas, wadda aka yanke daga Magarya ta zama gunduma mai cin gashin kanta a 2011. Yanki ne da ke cikin mafi cunkoson jama'a a ƙasar nan, kuma ba ragu aka yi ba tun daga lokacin. Yawan majinyata ne ya sa a daminar 2016 aka buɗe wani sashen yara mai gado 200 a Dungas, domin a rage wa Magarya nauyi. Uwar da ta taso daga Dogo-Dogo, ko Malawa, ko Sasumburum, ko Yekuwa, goye da ɗa mai zafin jiki, a kan amalanke ko a bayan babur, kafin ta ga dakta sai ta bi ta hannun mutum uku ko huɗu. Waɗannan mutane su ne maganar yau.

Kowane mai farar riga likita ne

A bakin talaka duk wanda ya sa farar riga a gidan likita sunansa likita. Ba ya bambanta majo da ya yi shekara uku a makarantar kiwon lafiya, da mai shara da ya iya soka allura saboda ya daɗe yana kallo. Ba laifinsa ba ne, domin babu abin da ke nuna masa bambancin. Tun da kuwa majinyaci ba shi da hanyar tantancewa, nauyin tantancewar ya koma wuyan hukuma.

Wannan al'amari ba ɓoyayye ba ne. A 2003 masu bincike biyu, Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun fitar da wani littafi a kan yadda ake karɓar majinyata a asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Cibiyar bincike ta LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, ta ci gaba da bin diddigin lamarin shekara da shekaru. Abin da suka gano duk wanda ya taɓa jinya ya san shi: aiki na gangarowa daga sama zuwa ƙasa. Abin da ya kamata dakta ya yi sai ma'aikacin jinya ya yi, na ma'aikacin jinya ya faɗo kan mataimaki, na mataimaki kuma ya faɗo kan lebura ko ɗan sa-kai. A ɗakin haihuwa ba abin mamaki ba ne a tarar ungozoma ko mai shara ce ta karɓi haihuwa.

Yadda aka kai ga haka ma sananne ne. Tun shekarun tsuke bakin aljihu da Bankin Duniya da Asusun Lamuni suka gindaya, aka taƙaita ɗaukar ma'aikata, sannan karyewar darajar sefa a watan Janairun 1994 ta ƙara dagula al'amura. Jama'a na ƙaruwa, ma'aikata ba su ƙaruwa daidai da ita, sai aka cike giɓin da ƴan kwantaragi da ƴan sa-kai. Wasu magajin gari ke biyansu, wasu kwamitin kula da gidan likita, wasu ƙungiyoyin agaji, wasu kuwa ba mai biyansu sai abin da majinyaci ya miƙo. Dokar ma'aikatan gwamnati, da duk abin da ta tanada na auna aiki da ƙarin girma, ta shafi mai lambar aiki ne. Ɗan sa-kai ba ya cikinta, ko da ya shekara goma yana kwana a ɗakin jinya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ƙaramin aiki mai babban hatsari

Masu ganin aikin mataimaki ba ya bukatar karatu su dubi abin da ke cikinsa. Yaron da tamowa ta rame ko ta kumbura ba kamar sauran yara yake ba. Zuciyarsa ta raunana, don haka ƙarin ruwan da zai ceci wani yaro shi yana iya kashe shi idan aka bar robar tana gudu. Sukarin jininsa na faɗuwa cikin ɗan lokaci, shi ya sa tsallake shayarwa ɗaya cikin dare ba ƙaramin abu ba ne. Jikinsa na yin sanyi da asuba ko da a ƙasa mai zafi irin wannan, kuma wanda bai sani ba zai ga ya yi lamo ya ɗauka sauƙi ne ya samu. Madarar farko da ake ba shi, mai suna F-75, daban take da ta biyu, F-100, kuma ba a musanya su da ka. Idan ta robar hanci ake shayar da shi, wajibi ne a tabbata robar a ciki take kafin a ɗura, domin in ta kauce zuwa huhu, madarar da aka nufa da ceto ita za ta zama ajali.

Haka abin yake a bakin ƙofa. Layin uwaye na iya kai wa mutum ɗari, kuma a cikinsu akwai wadda ɗanta ba zai kai azahar ba. Wanda ke tsaye a ƙofa ya kamata ya san alamomin da ke sa a tsallake layi: jijjiga, suma, kasa shan nono, amai ba tsayawa, tafin hannu da ya yi fari fat. Ya kamata ya iya ƙirga numfashi na minti guda, ya san cewa 50 ko fiye ga jaririn da ya wuce wata biyu bai kai shekara ba, ko 40 ko fiye ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, alamar ciwon huhu ce. Ya kamata ya iya ɗaura ma'aunin damtse daidai, ya san cewa ƙasa da milimita 115 ja ne, ba a cewa uwa ta koma gida ta dawo ran kasuwa.

Ko allura, wadda kowa ke ganin ya iya, tana da ƙa'ida. An daɗe ana ganin yara na jan ƙafa a ƙasar nan saboda allurar kinin da aka soka a ɗuwawu ba a wurin da ya dace ba, ta taɓa jijiya, har wasu iyaye su ɗauka shan-inna ce. Hannun da ba a wanke ba tsakanin gado da gado yana kwasar zawo daga wannan yaro ya kai wa wancan. Duk waɗannan abubuwa ana koyonsu cikin makonni kaɗan. Ana kuma mantawa da su, ko a saba da yin su a karkace, idan aka shekara ba wanda ya tsaya ya duba.

Darasin da ƙasar nan ta riga ta biya kuɗinsa

Nijar ba baƙuwa ba ce wajen dogaro da ƙananan ma'aikata, kuma ta ɗanɗani daɗin abin da ɗacinsa. Tun shekarun 1960 aka fara a jihar Maraɗi: ƙauye ya zaɓi mutanensa, a koya musu taimakon gaggawa da unguwarzoma na ƴan kwanaki, a ba su akwatin magani su koma gida. Tsarin ya bazu a faɗin ƙasa a zamanin Janar Seyni Kunce, musamman bayan taron Alma-Ata na 1978 da ya yi kira a kai kiwon lafiya ga kowa. Amma da aka daina zuwa duba su, aka daina sabunta musu horo, akwatunan suka ƙare ba a cika ba, sai tsarin ya shiririce. Wasu suka koma gona, wasu suka zama masu allura a kasuwa.

Karo na biyu shi ne shirin musamman na shugaba Tandja Mamadu, wanda aka soma a 2001 da kuɗin yafe bashi. An gina ƙananan ɗakunan shan magani kusan 2,000 a ƙauyuka, aka sa musu ma'aikatan da aka yi wa horon wata shida, ana biyansu kimanin jika 50 a wata. Daga baya aka ƙara musu horo a kan zazzaɓi, ciwon huhu da zawo. A 2006 kuma aka ayyana magani kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar. Binciken da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 2012 ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara biyar ta sauka daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009. Abubuwa da yawa ne suka haɗu suka kawo haka, har da gidan sauro da sinadarin bitamin A da yaƙi da tamowa, amma kusanto da magani ga ƙauye yana cikin manyansu.

Idan aka jera tarihin nan biyu, darasin a fili yake. Ƙaramin ma'aikacin da aka horar, aka biya, aka kuma ci gaba da dubawa, yana ceton rayuka fiye da yadda manyan ƴan boko ke zato. Wanda aka yi wa horon sau ɗaya aka juya masa baya kuwa, a hankali yake komawa hatsari ga jama'ar da aka ce ya taimaka.

Yadda wasu suka ɗaure abin da doka

A Amurka, bayan rahotanni sun fallasa wulaƙancin da ake yi wa tsofaffi a gidajen kula da su, majalisar dokoki ta zartar da doka a 1987. Ƙa'idojin da suka biyo bayanta gajeru ne. Duk mataimakin jinya a gidan da ke karɓar kuɗin gwamnati sai ya yi horon aƙalla awa 75, 16 daga ciki a aikace ƙarƙashin idon ƙwararre. Sai ya ci jarrabawa cikin wata huɗu da kama aiki, a shigar da sunansa a rajistar jiha. Dole gidan ya auna aikinsa aƙalla sau ɗaya kowane wata 12, ya kuma ba shi ƙarin horo na aƙalla awa 12 a shekara, bisa raunin da awon ya nuna. Wannan gaɓa ta ƙarshe ita ce zuciyar maganar: awo da horo a ɗaure suke, ɗaya na ciyar da ɗaya.

Awa 75 bai fi aikin mako biyu ba, kuma masana a can sun daɗe suna cewa ya yi kaɗan, har wani kwamiti ya ba da shawara a 2008 a kai shi awa 120. A Ingila sai da abin kunya ya auku a asibitin garin Stafford, aka yi bincike aka fitar da rahoto a 2013, sannan a 2015 aka fito da takardar shaida ta bai-ɗaya ga mataimakan jinya. A Faransa, inda Nijar ta gaji tsarin asibitocinta, horon mataimakin jinya ya kai awa 1,540 tun 2021, da takardar shaida ta gwamnati.

Wanda zai ce waɗannan ƙasashen masu arziki ne, to ya leƙa tsallaken iyaka. A Baɓura da Maigatari, inda mutanen Magarya da Dungas ke da dangi da abokan ciniki, ma'aikacin lafiya na karkara yana yin shekara biyu ko uku a makaranta gwargwadon matakinsa, yana da hukumar da ke yi masa rajista tun 1992, yana kuma da littafin ƙa'ida da ya fayyace abin da zai yi magani da abin da zai tura gaba. Ba a ce komi na tafiya daidai a Najeriya ba, su ma suna da nasu kukan. Amma aƙalla akwai ma'aunin da za a kama mutum da shi, akwai kuma wanda shi ma zai kare kansa da shi.

Zanen aro ba ya rufe katara

Gaskiya ce a faɗa, mafi yawan horon da ƙananan ma'aikatan wannan yanki suka samu a kan tamowa da gaggawar yara, ta hannun ƙungiyoyin agaji ya zo. An gode musu. Rigakafin zazzaɓi na damina da ake ba yara wata-wata, wanda aka soma a Nijar a 2013, Magarya na cikin wuraren farko, kuma ƴan sa-kai ne suka bi gida-gida da shi. Sai dai horon ƙungiya yana da iyaka. Ana ɗaukar mutane idan majinyata suka yi yawa, a sallame su idan kaka ta yi. Kowace ƙungiya da irin darasinta da irin takardarta. Yarinyar da ta yi damina biyar tana shayar da yara masu tamowa, ta ƙware fiye da wani mai digiri, tana iya wayewa gari ba ta da wata shaida da gwamnati ta sani.

Ƙungiya kuma baƙuwa ce, yau tana nan gobe ba ta nan. A 2008 gwamnatin Tandja ta dakatar da reshen Faransa na MSF a Maraɗi. A watan Fabrairun 2025 hukumomi suka umarci kwamitin ƙasa da ƙasa na Kuros Ruj ya rufe ofisoshinsa a Nijar, kuma a shekarar ce Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji, USAID. Ko mutum na goyon bayan waɗannan matakai ko yana adawa da su, sakamakon ɗaya ne: ƙasar da ke maganar ƴancin kai da diyauci ba za ta bar ilimin ceton ƴaƴanta a cikin jakar baƙo ba. Diyaucin da bai kai gadon asibiti ba, talakan Bande da Washa ba zai ji ɗuminsa ba.

Uzurorin da za a kawo

Za a ce babu kuɗi. Amma kowa ya san yawan tarurrukan ƙara wa juna sani da ake yi a otal-otal na Yamai da Damagaram, inda fuskoki ɗaya ke zagayawa daga wannan zaure zuwa wancan suna sa hannu a takardar kuɗin zama. Sau da yawa shugaba ne ke tafiya taron, wanda zai yi aikin da hannunsa kuma yana can yana gadin ɗaki. Horon da ake bukata a nan ba ya son otal. Ɗakin jinya ne ajinsa, majo da ungozoma mai takarda su ne malamansa. A karkato da kaɗan daga kuɗin zama zuwa can, a ga ko ba zai isa ba.

Za a ce idan aka tsananta sharaɗi za a rasa masu aiki, alhali ma ba su isa ba. Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ba korar kowa ake nema ba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Waɗanda ke bakin aiki a ba su wa'adi, a horar da su a inda suke, a gwada su a aikace, wanda ya iya a ba shi shaida, wanda bai iya ba a sake koya masa. Sai wanda aka yi ta maimaita masa ya kasa, shi ne za a mayar ga aikin da ba na taɓa majinyaci ba.

Uzuri na uku ya fi nauyi, kuma daga bakin ma'aikatan kansu zai fito: tsoron kada awon ya zama bulala a hannun shugaba. Suna da hujja. A zamanin jam'iyyu an ga yadda katin jam'iyya ke ɗaukar mutum aiki, ya kai shi birni, ko ya jefa shi ƙauyen da ba hanya. An rushe jam'iyyu a watan Maris na 2025, amma ba a rushe alfarma ba, wadda ƴan boko ke yi wa laƙabi da PAC, wato dangi, abokai da ƴan sani. Majon da ya san mataimakinsa ɗan wani babba ne, da wace zuciya zai rubuta cewa bai iya aiki ba? Wanda ba shi da kowa kuma, wa zai kare shi idan aka yi masa ƙage? Maganin wannan shi ne a auna abin da ido ke gani, a bar maganar hali da biyayya da ake cika takardun ma'aikata da ita. Ya wanke hannu ko bai wanke ba? Ya ƙirga numfashi daidai? Ya auna madara daidai? Ya gane yaron da ya kamata a tsallake layi da shi? Irin waɗannan tambayoyi ba su san ɗan wane ba. Ƙungiyar ƙwadago ta ma'aikatan lafiya, SUSAS, ita ta fi cancanta ta shige gaba wajen neman wannan tsari, domin shi ne zai raba ƴaƴanta da zargin da ake yi musu a dunƙule.

Abin da ya kamata a yi kafin damina

Na farko, kowace gundumar kiwon lafiya ta ƙirga duk wanda hannunsa ke taɓa majinyaci, daga asibitin gunduma har ƙaramin ɗakin shan magani, ko wane ne ke biyansa, ko ma ba a biyansa. A rubuta sunansa, da aikin da yake yi a zahiri, da horon da ya taɓa samu. Wanda ba a san da shi ba, ba a iya horar da shi.

Na biyu, ma'aikatar kiwon lafiya ta yanke mafi ƙarancin horo guda ɗaya da zai hau kan kowa, na gwamnati, na ƙungiya da na asibitin kuɗi. A yi shi da rani, lokacin da ɗakuna suka yi sauƙi. A yi shi da Hausa, da Fulatanci ko Barbarci inda ake bukata, domin da yawa cikin masu wannan aiki Faransancinsu bai kai na karanta littafin likita ba, kuma da harshen gida suke magana da uwaye. Makarantar kiwon lafiya ta ƙasa da ke Damagaram ta shirya gwajin ta kuma ba da shaidar. Ƙasar da ta iya haɗa ɗaliban makarantun kiwon lafiya na gwamnati da na kuɗi a jarrabawar fita guda ɗaya, ba za ta kasa wannan ba.

Na uku, a rubuta iyakar aikin kowane mataki a liƙa a bango: wannan yana awo da shayarwa, ba ya soka allura a jijiya, wancan yana wanke ciwo, ba ya rubuta magani. A bambanta launin riga, ta yadda uwar da ba ta yi boko ba za ta san da wa take magana.

Na huɗu, sau ɗaya a shekara, kafin ruwa ya sauka, majo ya tsaya a bakin gado ya kalli kowane mataimaki yana aiki, ya cika takarda guda, su sa hannu su biyu, wakilin gunduma ya sa na uku. Duk raunin da aka gani ya zama darasin horon shekarar. Wanda bai yarda da sakamakon ba ya sami inda zai kai ƙara. A kuma bar gurbi a takardar inda ma'aikaci zai rubuta abin da ya rasa, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba adalci ba ne a tuhumi mutum da rashin wanke hannu a ɗakin da ba ruwa ba sabulu, ko da rashin awon zafin jiki alhali ma'aunin ya fashe tun bara. Takardar da ke auna ƙarami ta auna na sama da shi.

Na biyar, a biya su, a kuma buɗe musu hanya. Tun 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa ma'aikatan lafiya na cikin al'umma su sami rubutacciyar yarjejeniya, da albashi daidai da aikinsu, da shaidar ƙwarewa, da kulawar da ke gyara ba ta tsoratarwa ba. Wanda ya ci awo shekaru a jere, yana kuma da takardar BEPC, a ba shi gurbi a makarantar kiwon lafiya ya zama cikakken ma'aikacin jinya. Ɗan Gushi da ya yi karatu ya fi saurin yarda ya zauna a Gushi fiye da wanda aka turo daga Yamai yana ƙirga kwanakin komawa.

Na shida, duk yarjejeniyar da gwamnati za ta ƙulla da wata ƙungiyar agaji ta ƙunshi sharaɗin cewa horon da za ta bayar ya bi manhajar ƙasa, ya kuma ƙare da shaidar da gwamnati ta amince da ita. Ta haka ko ƙungiya ta naɗe tabarmarta, ilimin ya zauna.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar sabon gini ko injin da za a yi odarsa daga Turai. Takardar minista ce, da jajircewar shugabannin gundumomin kiwon lafiya, da sa idon sarakunan gargajiya da kwamitocin gidajen likita, da kuma kantomomin da aka ɗora a kan ƙananan hukumomi tun bayan rushe majalisunsu a watan Afrilun 2024. Magarya da Dungas sun fi ko'ina dacewa a fara da su, domin a nan ne nauyin ya fi yawa, a nan ne kuma aka tara mutanen da suka koyi aikin da gumin goshinsu tun 2005. Damina ba ta jiran kowa. Watan Agusta zai zo, uwaye za su sake yin layi a ƙofar asibiti, kuma kowace za ta miƙa ɗanta ga mai farar rigar da ta fara gani, ta kira shi likita. Haƙƙinta ne a kan hukuma wannan mutum ya kasance an koya masa, an kuma duba an tabbata ya iya. Allah ya ba magabata ikon sauke wannan nauyi.